Na'urar Sauraron Littafi Mai Tsarki da Na Saya wa Mahaifiyata a Marwa

Mahaifiyata ta koyi karatu ne tana matar aure, a ajin da matan ikilisiya suke yi da yamma a ƙauyenmu na bayan Gwoza, kuma littafi ɗaya tak ta mallaka a wancan zamani, wato Littafi Mai Tsarki na Hausa mai baƙin bango. A ɗaki aka bar shi ranar da muka gudu cikin watan Agusta na 2014, lokacin da Boko Haram suka kama Gwoza, muka tsallaka duwatsun Mandara da ƙafa muka shigo Kamaru. Mahaifinmu bai tsira ba, autanmu kuwa har yau ba mu ji labarinsa ba, ko na rai ko na mutuwa. Ta yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, kusa da Mokolo, kafin in sami halin kama ɗaki biyu a Marwa in ɗauko ta. An ba ta wani Littafin a sansani, amma kafin ta more shi hawan jinin ido ya cinye ganinta a hankali, likita kuma ya gaya mana a fili cewa abin da wannan ciwo ya ɗauke ba ya dawowa.

Ni tela ne, ina fita da safe sai dare nake dawowa. Yarana da Faransanci suke karatu a makaranta, in aka miƙa musu rubutun Hausa sai su karanta "cikin" kamar "sikin", su tsaya cak a gaban ƙ da ɗ, har kakarsu ta gaji da gyara ta ce su bari. Dalilin da ya sa ke nan, a farkon shekarar 2024, na shiga wani ƙaramin shagon sayar da littattafan Kirista a nan cikin gari, na sayi na'urar da ke karanta Littafi Mai Tsarki da murya, mai caji da hasken rana. Tun daga lokacin 'yan'uwa da yawa a majami'a suna tambayata ko ta cancanci kuɗinta, don haka na ga ya kamata in rubuta abin da na gani, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Na'urar ba ta fi tafin hannu ba, jikinta roba ne mai kauri, a bayanta akwai farantin da ke shan rana, a gefe akwai ramin caji irin na waya da wurin saka katin memori, sannan akwai 'yar fitila a samanta. Sefa 15,000 na biya, kuma a gaskiya kuɗi ne mai nauyi ga iyalin da ke awon hatsi kullum. A cikinta akwai Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari gaba ɗaya da Hausa, littattafai 66 ba a rage ko ɗaya ba, akwai kuma Sabon Alkawari da Fulatanci da Faransanci. Mai shagon ya ƙara mini katin memori kyauta, ya ce ya zuba wa'azi da zaɓaɓɓun ayoyin ta'aziyya a ciki saboda ya ji halin da Mama take ciki. Da kyakkyawar zuciya ya yi, ban yi shakkar wannan ba, ko da yake a kan katin nan ne nake da babban ƙorafi.

Ta fuskar wuta ba ni da abin cewa sai yabo. Duk wanda yake zaune a Arewa Mai Nisa, wato yankin Kamaru da Marwa take ciki, ya san yadda ake ɗauke lantarki, musamman da bazara, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40. Muna ajiye na'urar a kan katanga da hantsi mu ɗauke ta bayan azahar, wannan kuwa yakan ishe ta karatun yamma da na dare har da na asuba. Da hunturu, in hazo ya rufe rana, cajin yakan ragu sosai, haka ma a tsakiyar damina cikin Agusta, sai mun haɗa da cajar waya. Kuskure ɗaya na yi da farko: na bar ta a kan kwanon rufi da tsakar rana, robar ta yi zafin da ba a iya taɓawa, batirin kuma ya yi kwana biyu yana saurin mutuwa. Ƙararta tana isar mutum goma da suka zauna a tsakar gida, amma in aka ƙure ta muryar takan yi ƙara-ƙara.

Inda masu ƙera ta suka gaza shi ne maɓallai. Abin da aka yi domin wanda ba ya iya karatu, ya kamata a tuna cewa da yawa daga cikin masu amfani da shi tsofaffi ne da makafi. Maɓallan nan kuwa girmansu ɗaya, santsinsu ɗaya, alamar da ke kansu fenti ce kawai wadda yatsa ba ya ji. Mama takan so ta koma baya sura ɗaya sai ta tsinci kanta a wani littafi dabam, ko ma a wani harshe, ta zauna shiru tana jiran wani ya dawo daga makaranta. Sai da na ɗiga gam a kan maɓallin kunnawa, na manna ɗan ƙyalle mai kaushi a kan na sura, sannan ta iya sarrafa ta da kanta. Aikin minti biyar ne a wurina, ban ga dalilin da ya hana kamfani yin sa tun a masana'anta ba. Amma akwai abu ɗaya da suka yi daidai, na kuma gode musu a kansa: in aka kashe ta, ko wuta ta ƙare, tana ci gaba daga inda ta tsaya.

Mai karatun namiji ne, muryarsa a natse, ba ya gaggawa, ba a kuma sa kiɗa a bayansa ba. Hausarsa ta Nijeriya ce tsantsa, wadda Mama ta tashi da ita a sujada, amma maƙwabtanmu da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta cuɗu da Fulatanci, sukan tsayar da ita su tambayi ma'anar wata kalma. Mai saye ya kuma sani cewa fassarar Hausa ba ɗaya ba ce. Tun da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fara fitowa da Hausa a 1932 an sake juya shi fiye da sau ɗaya, shi ya sa wani juyin yake cewa Yahaya wani Yohanna, kuma ayar da tsoho ya haddace tun yana saurayi tana iya zo masa da wasu kalmomi. Mama ta yi makonni tana gyara wa mai karatun, tana faɗin ayar yadda ta san ta, kafin kunnenta ya saba.

Yanzu ga batun katin. Da shi muka fara, domin a ganina wanda ya sha irin wahalar da ta sha, abin da yake bukata shi ne kalmomi masu sanyi. Ayoyi ne aka tsinto daga wurare dabam-dabam aka jera su, kowace ana karanta ta ita kaɗai: cewa kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, cewa Allah yana da shirin alheri dominmu, da makamantansu. Bayansu sai wa'azin wani mai wa'azi da ba a faɗi sunansa ba, a kan Ayuba, wanda daga farkonsa har ƙarshe magana ɗaya yake nanatawa, wato Ayuba ya yi haƙuri an mayar masa da ninki biyu, saboda haka kai ma naka ninkin yana hanya. Kwana uku Mama ta saurara ba ta ce kome ba. A rana ta huɗu ta ce mini, "Ɗana, cire mini wannan. 'Ya'yan Ayuba goma da gini ya faɗa musu, su ma an mayar masa da su ne?" Na rasa amsa. Na buɗe sura ta 42 na duba, na ga tumaki da raƙuma da shanu da jakuna duk an ninka, 'ya'ya kuwa an sake ba shi maza bakwai da mata uku, amma goman farko suna nan a kabari. Na cire katin, na kai ta farkon littafin Ayuba, na bar na'urar ta yi ta karatu a jere.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Littafin Ayuba sura 42 ne, mafi yawan abin da muke ji daga cikinsa a bagade kuwa bai wuce surori biyu na farko da ta ƙarshe ba. Ni kaina, da nake cikin ikilisiya tun ina yaro, ban taɓa zama na ji tsakiyarsa ba sai a bakin wannan na'ura. Na san Ayuban da ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Ban san cewa a sura ta 3 wannan mutumin ya la'anci ranar da aka haife shi ba, ban kuma san ya yi surori da yawa yana neman inda zai sami Allah ya kai ƙararsa gabansa ba. Da aka zo wurin abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, waɗanda suka zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, Mama ta ce waɗannan sun san gaisuwar makoki. Da suka buɗe baki suka fara nema masa laifin da ya jawo masa masifa, sai ta ce ta san irinsu, domin a sansani an taɓa gaya mata cewa abin da ya sami garuruwanmu sakamakon zunubinmu ne. Ta ɗauki wannan magana a ranta shekaru ba ta gaya wa kowa ba. Ranar da ta ji a sura ta 42 Allah da kansa yana ce wa Elifaz ya yi fushi da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, sai da ta sa aka maimaita mata wurin sau uku.

Daga sura ta 38 Ubangiji ya amsa wa Ayuba daga cikin guguwa, kuma duk tsawon amsar bai gaya masa dalilin wahalarsa ba. Tambayoyi ya jera masa: ina yake sa'ad da aka kafa harsashin duniya, ko ya san lokacin da awakin dutse suke haihuwa, wa ya saki jakin jeji, wa yake aiko da ruwan sama a ƙasar da ba mutum a cikinta. Na ɗauka wannan zai ƙara mata ɓacin rai, domin mai tambaya aka mayar wa da tambaya. Sai ga shi nan ne ta fi tsayawa. Macen da ta girma a gindin dutse ce, ta san kogwannin dutse da ba mai shiga. Ta ce in har yana ƙirga watannin akuyar da ba wanda ya taɓa gani, yana kuma shayar da dajin da ba kowa, to ya san inda autanta yake, ko a raye ko a kwance, kuma wurin nan ma a ƙarƙashin mulkinsa yake. Ba ta daina kuka ba bayan wannan, amma daga ranar ta koma ambaton sunansa cikin addu'ar dare, abin da ta yi shekaru ta kasa.

A ganina, koyarwar ikon mallakar Allah, wato cewa kome yana ƙarƙashin mulkinsa, tana da nauyin da aya ɗaya ba ta iya ɗauka in aka tsinke ta daga 'yan'uwanta. Alkawarin Irmiya 29 na shirin alheri, ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila aka rubuta shi, kuma ayar da take gabansa ta ce sai shekara 70 sun cika, ma'ana da yawa daga cikin waɗanda suka fara jin wasiƙar a baƙuwar ƙasa aka binne su. Ɗan gudun hijira ya fi kowa cancantar ya ji wannan ɓangaren. Romawa 8 da ta ce kome yana aiki tare domin alheri, ita ce kuma 'yan ayoyi kaɗan a gaba ta lissafa ƙunci da tsanani da yunwa da tsiraici da takobi, ba ta ce ba za su zo ba, cewa ta yi ba za su raba mu da ƙaunar Almasihu ba. Katin ya ɗauki rabin farko ya bar na biyu. Na'urar kuwa, da yake ba ta san zaɓe ba, tana karanta duka, har da Zabura 88 wadda take ƙarewa cikin duhu ba tare da ko kalma ɗaya ta samun sauƙi ba. Mu a ƙasar nan, Kirista da Musulmi, in masifa ta faɗa wa mutum mukan ce masa sai haƙuri, magana ce mai kyau kuma, ni ma ina faɗinta. Amma sau da yawa muna nufin ya yi shiru. Abin da Mama ta tarar shi ne mutanen da suka fi kowa gaskata cewa Allah yana mulki, su ne suka fi kowa ɗaga murya gare shi suna tambayar har yaushe, domin sun san akwai mai iko da zai ji.

Labarin Yusufu ya ba ni tsoro, dole in faɗa. Yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, sannan shekara bakwai na ƙoshi da biyu na yunwa suka wuce kafin Yakubu ya ji ɗansa yana da rai, wato wajen shekara 22 ke nan. Mama ba Yusufu take bi a labarin ba, Yakubu take bi, tsohon da aka kawo wa riga da jini ya ƙi yarda a ta'azantar da shi. Na ji tsoron kada ta mayar da labarin alkawari gare ta, ta fara ƙirga shekaru. Da na taɓa zancen a hankali, sai ta ce, "Ba a rubuta mini cewa nawa zai dawo ba. Abin da aka rubuta shi ne Allah yana Masar tun Yakubu bai sani ba." Ta kuma lura da abin da ni ban lura ba a Farawa 50, cewa Yusufu bai wanke 'yan'uwansa ba, ya gaya musu mugunta suka nufa, sannan ya ce Allah ya nufi abin da alheri. Ga wanda ya ga fuskar waɗanda suka ƙone gidansa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ba a bukace ta ta kira mugunta alheri kafin ta yarda Allah yana kan kursiyinsa ba.

Bayan ambaliyar damina ta 2024, wadda ta yi ɓarna a Yagwa da sauran garuruwan bakin kogin Logon, wata baiwar Allah da ruwa ya cinye mata gonar dawa da awaki ta zo zama wurin 'yarta a unguwarmu. Ita da wasu mata uku na zumuntar matan majami'a suka riƙa zuwa wurin Mama ran Alhamis da la'asar, a shimfiɗa tabarma, a ajiye na'urar a tsakiya. Habakuk suka fi nema, da yake sura uku ne kawai ana gama shi a zama ɗaya. Annabin ya fara da ƙara a kan zalunci da tashin hankali, ya ƙare da cewa ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko babu tumaki a garke babu shanu a turke, duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Matar nan ta ce ta sha jin ƙarshen a waƙa, amma ba ta taɓa sanin cewa mai maganar da faɗa ya fara ba.

Akwai abin da na'urar ba za ta iya ba, mai saye kuma ya sa shi a lissafi. Ba ta amsa tambaya, ba ta kuma san halin mai sauraro. Wata rana da tsakar dare ta kai Mama cikin littafin Makoki, inda ake bayyana yara suna suma da yunwa a titunan Urushalima, na farka na tarar da ita tana rawar jiki, domin abin da ta gani da idonta a kan hanya aka karanta mata. Ƙarshen Zabura 137 ma, inda ake maganar fyaɗa jarirai a kan dutse, ya dame ta ƙwarai, sai da faston majami'armu ya zo ya zauna da ita kusan awa biyu. Don haka ban ba da shawarar a miƙa wa wanda raunin zuciyarsa bai warke ba wannan na'ura a tafi a bar shi da ita cikin dare. A fara da shi da rana, da mutum a kusa, a kuma bari shi ya ce a tsaya ko a ci gaba.

Game da shagon, bayan wata bakwai maɓallin ƙara ya maƙale. Ba a ba ni wata takardar garanti ba ranar da na saya, ban kuma nema ba, amma mai shagon ya karɓa ya ba wani mai gyaran waya ya buɗe ta ya share ƙurar da ta cika ciki, bai karɓi ko sisi ba. Kwana tara ta yi a can, waɗanda suka yi wa Mama tsawo sosai. Na gaya masa ra'ayina a kan katin, ya saurare ni da ladabi, ya ce yawancin masu saye su suke roƙon a zuba musu irin wannan wa'azi. Na roƙe shi aƙalla ya riƙa sauraron abin da yake zubawa, ya kuma sa surorin gaba ɗaya maimakon aya ɗaya ɗaya.

Wanda zai saya, ya sa a kunna masa a shagon ya ji ko juyin Hausar shi ne wanda tsohonsa ya saba da shi, ya tabbatar akwai Tsohon Alkawari a ciki, domin akwai masu kama da ita da Sabon Alkawari kaɗai suke ɗauke da shi, ya kuma nemi a rubuta masa ranar saye a takarda. Ya ɗinka mata 'yar jaka saboda ƙurar hunturu, da igiyar ratayawa a wuya domin kada makaho ya ajiye ya rasa inda take. Ni na ɗinka wa tamu da ragowar atamfa. A wurina ta ci kuɗinta har da riba, kuma ina tara na biyu domin matar nan ta Yagwa, wadda ta koma gida bayan ruwa ya janye, ta kuma aiko da saƙo cewa a Ishaya 40 suka tsaya ranar da ta tafi, tana so ta ji sauran.